Ruwa Biyu a Garejin Gabre

A Doka, kudu da Gadarif,
baƙar laka ta dare kamar faso a dugadugin manomi,
har ɗan akuya kan karye a cikinta.
Ina zaune kan tsohuwar taya,
Gabre na kwance ƙarƙashin taraktata,
ƙafafunsa kaɗai nake gani.

Na ce rushash ya makara bana.
Ya ce, wanne kake jira? Ai ruwa biyu ne.

Kafin yaƙi ya koro shi daga tsaunukansu
ya yi karatun limancin coci, bai sauke ba.
Abin da ya rage masa 'yan kalmomin Ibrananci,
kamar tsabar kuɗin wata ƙasa
da ba mai karɓa a kasuwar Laraba.

Yore, in ji shi. Miƙo min sifana sha uku.
Shi ne na fari, mai ƙwanƙwasa ƙasa ta buɗe.
Malaminmu ya ce ɗakinsu ɗaya da harbi,
ɗakinsu ɗaya da koyarwa:
kibiya da malami da ruwan shuka,
nono ɗaya suka sha.

Na biyun fa?

Malkosh.

Na yi dariya har na sha ƙura.
Malka! Mu ma muna da ita.
Kakata ta taho da kalmar a ƙafa tun daga Haɗeja:
kwana bakwai ba a ga rana ba,
itace ya ƙi wuta, tufafi na tsami.

Ya turo kansa waje, baƙin mai a gemu.
A'a, ya ce. Malkarku taron biki ce.
Wannan baƙo ne guda,
mai sallama bayan an naɗe tabarmi.
Dawa ta fid da kai, ido bai cika ba,
ka riga ka ɗebe tsammani,
sai ya zo.
Ba ya tsirar da komai.
Cikawa ce aikinsa.

Kuma can ƙasarsu lissafin a juye yake:
na farinsu kan sauka muna yankan riɗi,
na ƙarshensu, bazara na gasa mu.

Ya koma ƙarƙashin mota. Na yi shiru.

Baba Ilu ne ya faɗo mini.
Ina ɗan shekara bakwai ya damƙa mini salluka,
ya ce rami ya zama rami, ba tonon kaza ba.
Duk maganarsa tsini gare ta.
Ta huda ni, na buɗe, na tsiro,
ban ce ban tsiro ba.
Amma shekara arba'in
ban ji sannu da aiki daga bakinsa ba,
ko ranar da na cika rumbu uku.

Bara, idonsa ya tafi, ƙafa ta kumbura,
ya ce a karyo masa zangarniya daga gonata.
Ya auna ta a tafin hannu,
ya ɓanɓari ƙwaya guda
ya kai wa haƙorin da ya rage masa.
Ta yi ido, ya ce.
Shi ke nan.
Bai kai sussuka ba.

Kalma uku.
Ban san sunansu ba sai yau,
a bakin makanike.

Tarakta ta yi tari, ta tashi.
Gabas, wajen Habasha,
wani ɗan hadari kamar tafin jariri,
ban yarda da shi ba tukuna.

Na biya kuɗin gyara,
na ce ya rubuta min ta biyun a bayan rasit.
Ya rubuta daga dama, kamar namu.

Da safe na harbi ɗana Sidi da magana
a kan buhun iri da ya bari ɓera ya ɓula.
Yana can gida yana ɗinke buhun.
Shekarata hamsin da takwas.
Ban san yawan daminar da ta rage mini ba.